Malam Adibab a Kan Turmi

"Wai shi wanga adibab, ci akai ko shafawa akai?"

Shafa'atu tana tankaɗe a bayan katanga tambayar ta faɗo mata daga zaure. Muryar Baba Magaji ce, ƙanen surukinta marigayi, tsohon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana noman albasa a fadamar Kuberi. Ta tsayar da rariya. Ta san abin da zai biyo baya, don kunnenta ya sha shi har ya ƙoshi.

Mijinta Murtala ya gyara murya kamar mai shirin huɗuba. Ka san shi tun da ya leƙa makarantar gaba da sakandare ya ajiye Hausar gida, ya ari ta masu karanta labarai a rediyo.

"Baba, irin wannan tambayar ce ta sa har yau muke cikin albasa. Adibab ba abinci ba ne. Adibab shi ne sarkin kalmomin Turanci. Kuma daga Maiyama zuwa Jega, a haɗa da Aliero da masu manyan tabarau na can, babu mahaluƙin da ya san adibab kamar ni. A kawo shi in gani!"

"To mi na aiki nai?"

"Shi ke gaya maka yadda aka yi abu, da lokacin da aka yi shi, da inda aka yi shi. Yaya, yaushe, ina. Masu nahawun Hausa suna ce masa bayanau. In ka ce mutum ya tafi, ba ka faɗi komai ba. A hankali ya tafi? Silowli ke nan. Da gudu? Kwikli. Kai, duk kalmar da ka ji ta ƙare da li, cafke ta, adibab ce."

"Ashe Ali mai nama adibab na," in ji Baba Magaji. "Allah Sarki, shekara da shekaru muna sayen tsire gare shi, bai taɓa faɗi ba."

Zaure ya ɗauki dariya. Shafa'atu ta toshe baki da gefen mayafi, duk da ba mai ganinta sai kaji.

Bari in zana maka Murtala, ɗan'uwa, don ka san wanda muke tafe da shi. Gajere ne, irin gajartar da in ya tsaya kusa da buhun albasa sai ka duba sau biyu. Amma murya, Allah ya ba shi ta mutum uku. Ya je neman difloma ya dawo ba takarda, sai tabarau da biro a aljihu. In an tambaye shi sai ya ce ai ya olmos gama. A farkon aurensu Shafa'atu ta daure ta tambaye shi ma'anar olmos. Ya ce shi ma adibab ne, babba, wanda ya fi ƙarfin li. Ma'anarsa kuwa abu ne da bai faru ba, amma yana da darajar wanda ya faru. Ta riƙe kalmar nan da kyau, don ta lura duk dukiyar gidansu a cikinta take. Ya olmos zama kansila. Ya olmos sayi babur. Ya olmos tafi Abuja.

To a wannan bazarar sai ga wata ƙofa ta buɗe da gaske. Wani ɗan kasuwa, Alhaji Waliyyu, ya gina makarantar kuɗi a Sabon Garin Jega, yana neman malamin Turanci, har da ɗaki zai ba malamin a bayan makarantar. Ya ce Murtala ya zo ranar Asabar ya koyar da darasi ɗaya a gabansa. In ya gamsu, aiki ya samu. In bai gamsu ba, Murtala ya koma rudu, inda ake jibge albasa, ya ci gaba da tsince ruɓaɓɓu tare da 'yan'uwansa.

Shafa'atu ba ta cewa komai, amma wannan aikin ya fi tsaya mata a rai fiye da shi mai neman. Gidan iyayenta a Sabon Garin yake. Daga makarantar nan in ka tsaya kana iya hango bishiyar darbejiyar ƙofar gidansu. Tun da aka kawo ta Kuberi ba ta ganin mahaifiyarta sai da dalilin suna ko rasuwa. Don haka duk sallar da ta yi sai ta roƙa wa adibab nasara, ko da ba ta gama gane mene ne shi ba.

Murtala ya ce darasi sai da gwaji. Ya fara da mutanen zaure. Ran farko suka zauna don kunya. Rana ta biyu, yana ɗauko gawayin rubutu, wannan ya tuna bai ba jaki ruwa ba, wancan ya ji kamar ana kiransa, Baba Magaji kuwa ya kwanta ya rufe fuska da hula ya ce a tashe shi in an kai wurin cin.

"Jahilci!" in ji Murtala. "Ba komai. Zan samu ɗaliban da suka san darajar malami."

Sai ya mayar da aji tsakar gida. Ya jera buhunan albasa sahu-sahu, ya raɗa musu suna. Akwai Yasir, akwai Auwal, akwai wani ɓulalle da ya sa wa Ummaru, wai shi ne daƙiƙin ajin. Shafa'atu ya ba ta kujera 'yar tsuguno a gaba ya naɗa ta monita. Ya kafa doka: ba mai magana a aji sai ya ɗaga hannu, kuma sai malami ya ba shi izini. Ba a ce masa Malam, sai dai Sa. Ita dama ba ta faɗin sunansa, ko a mafarki, don haka wannan bai dame ta ba.

Katanga ce allo. Da yake hannunsa ba ya kai wa inda yake so, sai ya kife turmin Inna Gudiya, mahaifiyarsa, ya riƙa hawa. Ya ce duk manyan farfesoshi a kan dandamali suke tsayawa.

Saura kaya. Ya hau mota zuwa Maiyama ya aro kwat wurin abokinsa Lukman, ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma. Kwat ɗin da Lukman ya ɗauki hoton aurensa da shi ne, yana ji da shi kamar ɗan fari. Lukman kuwa dogo ne sambal. Da Murtala ya saka, hannuwa suka haɗiye yatsunsa, bayan rigar ya sauko har ƙwauri yana lilo.

"Ya yi laushi," ya ce yana juyi. "Kwat ɗin Bature tsayawa yake da kansa. Monita, a sa masa sitati."

"Babu sitati, Sa."

"Ba ga gasarar koko nan ba? Sitati ai sitati ne. Dama ta da kauri ki tsoma shi."

Ta buɗe baki, ta tuna doka, ta ɗaga hannu. Ya riga ya juya. Ta dama gasara ta tsoma kwat. Da ya bushe, wallahi ya tsaya da kansa kamar yadda aka nema, yana ta ƙamshin kokon safe.

Ranar Juma'a, ana gobe gwaji, gida ya watse. Maza sun tafi cin kasuwar Jega, Inna Gudiya ta tafi suna a wata unguwa. Ba kowa sai malami, da monita, da buhuna, da dabbobin Inna guda biyu. Akwai Gwarzo, wani ƙaton rago da ke ɗaure a turke. Sunan ne kawai. Ƙiba ta yi masa yawa, ko ƙuda ya sauka a hancinsa sai ya bar wa Allah. Sai kuma 'Yar Auta, wata 'yar akuya da uwarta ta mutu, wadda ko ƙaho bai fito mata ba, tana yawo a tsakar gida kamar kyanwa.

Murtala ya ɗaure wuya, ya saka kwat cikin zafin nan mai narka kwalta, ya hau turmi.

"Gud monin, kilas!"

Buhuna suka yi shiru.

"Gud monin, Sa," in ji Shafa'atu, a madadin kowa.

"Yau za mu yi babban adibab. Sadinli. Ummaru, ka daina barci! Sadinli shi ne abin da ya zo maka ba sallama. Kana zaune lafiya, ba zato ba tsammani, sai ga shi."

Ya juya wa aji baya ya fara rubutu a katanga. A nan ne Shafa'atu ta hango 'Yar Auta ta ɗaga hanci sama. Ta shaƙa. Ta sake shaƙa. Ta biyo ƙamshin koko tiryan-tiryan, ta ratsa tsakanin Yasir da Auwal, ta zo ta tsaya a gindin turmi tana kallon jelar kwat tana lilo a saman kanta.

Shafa'atu ta ɗaga hannu.

Ya hango ta ta gefen tabarau. "Tambaya sai ƙarshen darasi."

'Yar Auta ta miƙe a kan ƙafafun baya ta lasa. Shafa'atu ta ɗaga hannu biyu.

"Monita, ke ce ya kamata ki fi kowa bin doka. Sauke!"

Ta sauke. 'Yar Auta ta cika baki da jelar kwat, ta kafe kofato a ƙasa, ta ja.

Dama kuwa a makon nan Baba Magaji ya kashe wata kububuwa a cikin rudu, kuma tun ranar Murtala ke ɗaga ƙafa in zai wuce buhu. Yana jin abu ya kama shi ta baya, Hausar rediyo ta gudu ta bar shi.

"Wayyo Inna! Maciji na! Ya kama ni! Ku taho, na mace!"

Ya daka tsalle. Turmi ya mirgina gabas, shi ya yi yamma. Kwat ya ce ɓarrr. Farfesa ya sauka a kan Ummaru, ƙafarsa ta dama ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa ta ce ƙas. Albasa ta watse ko'ina. 'Yar Auta ta yi wajen turken Gwarzo da ƙyallenta a baki, tana 'yan tsalle-tsalle kamar an ba ta goron Sallah. Gwarzo ya buɗe ido ɗaya ya mayar.

Shafa'atu ta ruga ta tallafo kansa. Yana nishi, tabarau a karkace, ya bi 'yar akuyar da kallo har ya gane abin da ya kama shi. Sai ya dubi matarsa.

"Shafa'atu, mi kinka gani?"

"Na ɗaga hannu, Sa."

"Ba ki ga komi ba! Kin ji ko? Ba ki ga komi ba!"

Ta tuɓe masa kwat ta ninke a leda. Ta fita bakin hanya ta tsayar da wani mai kabu-kabu, baƙo mai wucewa, suka ɗora shi a tsakiya sai Aliero, wurin masu ɗori. Da mai ɗori ya ja ƙafar don ya daidaita ƙashi, ihun da Murtala ya yi, an ce har 'yan dako a kasuwar albasa sai da suka ajiye buhu suka waiwaya. Aka jera masa karare aka ɗaure, aka ba shi tabarma a wata rumfa, aka ce ba motsi sai ƙashi ya kama. Gwajin Asabar ya sha ruwa. Aka aika wa Alhaji Waliyyu da haƙuri.

Rumfar nan cike take da masu karaya irin ta mutunci. Wannan ya faɗo daga kan babbar mota, wancan rijiya ce ta rufta da shi, ga wanda sa ya take. Kowa yana ba da labarinsa kai tsaye. Murtala ya saurare su ya ji ba zai iya buɗe baki a cikinsu ya ce 'yar akuya marar ƙaho ba.

Ga shi kuwa dubiya ba ta da makawa. Ka san mutanenmu, in ka kwanta sai kowa ya zo, da kwanon fura ko ƙullin goro. Kuma duk wanda ya zo, bayan sannu, tambaya uku ce a bakinsa: "Garin ƙaƙa? Yaushe? Ina abin ya faru?" Shafa'atu tana rakuɓe a gefe tana fifita shi, sai ta ji tambayoyin sun yi mata kama da wani abu. Can ta tuna. Ashe darasin katanga ne ya biyo su har Aliero.

Mutanen Kuberi ne suka fara zuwa, Baba Magaji a gaba. Murtala ya yi lissafi da sauri. Waɗannan suna Jega ranar, don haka Jega ba ta yi ba.

"A Maiyama ne, Baba, da hantsi. Wata tsohuwa za ta tsallaka titi, ga babur ya taho a guje. Ban yi wata-wata ba na faɗa gabansa. Birebli, wato da jarumta."

"Allah shi yi ma albarka," in ji Baba Magaji. Ya dubi Shafa'atu. Ita kuwa ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Wa zai sa ran ƙaramar mace ta yi magana a gaban surukai? Kunya ta yi mata rana.

Washegari ga mutanen Maiyama, abokan Lukman, shi kansa aiki ya riƙe shi. Waɗannan ba za a sayar musu da tsohuwar Maiyama ba.

"A Jega ne, bakin gada, da azahar. Motar albasa ta ƙwace, tana komawa da baya, ga mutane. Na sa kafaɗa na tare ta."

"Da kafaɗa? To ƙafa fa?"

"Nauyin ne ya sauka ƙasa. Sai ka yi kimiyya za ka gane."

Da dangin Shafa'atu suka zo daga Jega, mahaifiyarta da ƙannenta, sai ya mayar da abin gida.

"A fadamarmu ta Kuberi ne, da asuba. Ɓarayi suka zo satar injin ban-ruwa. Su biyar, ni kaɗai."

Da suka tafi ya dubi matarsa yana murmushi, har da kaɗa yatsa. "Kin ga amfanin ilimi? Kowa na ba shi garin da ba ya nan. Wanda bai san adibab ba ba zai iya wannan ba."

Labarin ɓarayi ya fi sauran ƙafa. Mahaifiyar Shafa'atu ta ba maƙwabta, maƙwabta suka ba masu shayi, ɓarayi biyar suka zama goma, har ya isa kunnen Alhaji Waliyyu. Ran nan da la'asar sai ga shi da kansa a rumfa, da babbar riga da ledar lemo.

"Malam Murtala, sannu da arziki. Naj ji abin da kay yi. Mutum ga ilimi ga zuciya, irinku muka nema. Ba sai ka yi wani gwaji ba. Ka warke ka taho, ɗaki na nan na jiranka."

Shafa'atu ta tsayar da fifita. Ta hango darbejiyar gidansu kamar ta miƙa hannu ta taɓa. Murtala ya gyara tabarau, ya buɗe baki zai yi godiya da Turanci.

"Salamu alaikum!"

Baba Magaji ne, da Inna Gudiya a bayansa ɗauke da kwanon tuwo. Ba su gama zama ba sai ga ƙarar babur, Lukman ya samu sararin zuwa. Rumfa ta cika. Murtala ya dubi Kuberi, ya dubi Maiyama, ya dubi Jega, duk a kan tabarma ɗaya.

"Ina jin barci," ya ce. "Mai ɗori ya hana ni yawan magana."

Ba wanda ya kula shi, ana ta gaisawa. Da Alhaji ya ji Baba Magaji daga Kuberi yake, sai ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Allah shi kyauta, Baba. Ashe ɓarayi sun dame ku fadama."

"Waɗanne ɓarayi?"

"Na injin ban-ruwa, waɗanda sunka karya Malam."

"Injin namu na nan, jiya ma da shi munka yi aiki. Ai shi wanga tsohuwa yat tsama daga bakin babur, can Maiyama."

"Maiyama?" in ji Lukman. "Ni nan nika wuni, ban ji ba. Ai mu ce muna anka yi motar albasa yat tare da kafaɗa, gadar Jega."

"Gadar Jega?" in ji Alhaji. "Shagona na bakin gadar."

Duk suka juyo. Har mai karayar rijiya ya ɗago ya jingina don kada a ba shi labari. Murtala ya yi tari. Amma ka san gwani ba ya faɗuwa sau ɗaya.

"Duk gaskiya ne! Tafiya ɗaya ce, ba ku bari na ƙarasa ba. Na koro ɓarayi daga Kuberi da asuba. Na biyo su Maiyama da hantsi, na tsaya na ceci tsohuwa. Na ci gaba har Jega da azahar, na tare mota."

"Da ƙafa?" in ji Lukman.

"Da ƙafa."

"To ita ƙafar," in ji Alhaji, "ina tak karye? Kuberi, ko Maiyama, ko Jega?"

Murtala ya gyara zama. "Ta fara a Kuberi, ta ƙarasa a Jega. Girajuwali. Wato kaɗan-kaɗan."

Mai karayar rijiya ya yi dariya har sai da ya riƙe haƙarƙari yana salati.

"Ni dai duk ba wannan ba," in ji Lukman. "Ina kwat ɗina?"

Shafa'atu ta dubi mijinta. Ya ƙifta mata ido, ya girgiza kai, ya murguɗa baki. Amma mai kaya ya tambayi kayansa a gaban manya, ƙaƙa za ta yi? Ta jawo leda ta miƙa. Lukman ya warware. Kwat ya tsaya ƙiƙam a hannunsa, a bayansa ga taga, wadda kan mutum zai shiga.

"Inna lillahi! Kwat ɗin aurena! Kuma mi na wanga wari? Koko kuka sha cikinai?"

"Ɓarayin ne suka yaga," in ji Murtala da 'yar ƙaramar murya.

Duk wannan abin Inna Gudiya tana ta kokawa da ƙullin bakin zaninta. Can ta kwance, ta zaro wani ƙyalle da ya sha tauna.

"Ku duba mani, ko na rigar ga na? Gindin turken Gwarzo nat tsince shi, rad da abin ga yaf faru. Na iske turmina kife, albasa warwatse. Nac ce in aje, ƙila mai shi na so."

Lukman ya karɓa ya ɗora a kan tagar. Ya zauna daram kamar tela ne ya yanka.

Shafa'atu tana ganin idon mijinta yana zagaye yana neman mafita, har ya faɗa kan ta ƙarshe.

"To, tunda abin ya fito, rago ne! Gwarzo ne! Na rufa masa asiri ne don na Inna ne. Ya tsinke igiya ya taho mini kamar bijimi, ido jajur, ya ɗauke ni sama da ƙaho!"

"Gwarzo?" in ji Baba Magaji. "Gwarzon da sai an ɗaga shi ya ka tashi?"

"Ba ku san shi ba! Munafuki ne!"

Alhaji Waliyyu ya miƙe yana share hawayen dariya da hannun riga.

"Malam, an ce mani fanninka shi na ƙaƙa, da yaushe, da ina. Ga shi ƙafarka ta kanka, kowace tambaya ka ba ta amsa huɗu. In na ba ka ɗiyan mutane, ran jarrabawa wace za su rubuta? Allah shi ba ka lafiya. Lemon dai ka sha, halak malak."

Ya sa takalmi ya fita. Darbejiyar Sabon Gari ta bi shi.

Baba Magaji, da kunnensa ya ɗan yi nauyi, ya taɓo Lukman. "Ƙaƙa anka ƙare? An ba shi aikin?"

Lukman ya ninke gawar kwat ɗinsa ya ce, "Olmos."

Shafa'atu ta yi kukanta a bayan rumfa, gajere, ta wanke fuska ta dawo ta zuba wa mijinta tuwo.

Kafin ƙashi ya kama a sallame su, Gwarzo ya zama shahararre. Yaran Kuberi suka canza masa suna zuwa Adibab. Mahauta daga Jega suna zuwa kallon ragon da ya ɗaga malami sama, su iske shi kwance yana tuƙa, su ce lallai irin waɗannan shiru-shirun su ne mugaye. Murtala kuma ya riƙe labarin hannu biyu, don shi kaɗai ya rage masa. Kullum ƙahon yana ƙara tsawo.

Ranar da suka dawo gida, maza suka shigo har tsakar gida yi masa barka. Yana dogara sanda, yana ɗingishi irin na wanda ya dawo daga yaƙi. Ya ce a matsa masa, yana da magana da abokin gaba. Ya je gaban turke ya tsaya, ya nuna Gwarzo da sanda.

"Kai! Dube ni nan! Ka ɗauka tsoronka nake ji? Ga ni, ga ka. In ka isa ka tashi! Yuzles animal, dabbar banza!"

Gwarzo ya ci gaba da tuƙa.

"Kun gani? Ya san maza. Ni da kuke gani, tunda uwata ta haife ni ban taɓa..."

Shafa'atu tana bakin madafa da ƙwaryar gasara a hannu. Ita kaɗai ta ga 'Yar Auta ta ɓullo daga bayan rumbu. Ta ɗan girma, ta kuma gane mutuminta. Ta taho tiryan-tiryan ta bayansa, ta kama gefen rigarsa, ta ja.

"Wayyo Inna! Ta dawo!"

Sanda ta yi sama. Kafin ta faɗo, Malam Murtala yana kan turmi tsaye, a kan ƙafar da aka ɗora, ya tattare riga har cinya. A ƙasa ga 'yar akuya tana kallonsa tana kaɗa jela.

Baba Magaji ya daɗe yana dubansu, na sama da ta ƙasa. Sannan ya gyaɗa kai.

"Kai, masu ɗorin Aliero sun iya aiki. Kuma yau dai nag gane karatun ga. Jama'a, wanga shi na sadinli."

Dariya ta kusa rushe katanga. Ana cikin haka tsohon ya waiwayo wajen madafa, idonsa yana ƙyalli.

"Ɗiyata, rago dai namiji na. Wace ta dawo? Ko kin san wani abu?"

Shafa'atu ta ji hannunta na dama ya fara tashi da kansa, kamar yadda ya saba a aji. Ya kai kafaɗa. Ta dubi mijinta a kan turmi, tabarau a karkace, yana roƙonta da ido. Aiki ya tafi, kwat ya tafi, ba abin da ya rage wa bawan Allah nan a duniya sai ƙahon Gwarzo. Sai ta ƙarasa ɗaga hannun ta gyara mayafi da shi, ta sunkuyar da kai ta koma madafa.

A can ta tsiyaya wa 'Yar Auta sauran gasara a kasko, ta tsuguna tana kallonta tana lasa. Ta yanke a ranta ba mai jin wannan magana daga bakinta, ko Inna, ko mahaifiyarta, ko kowa. Malami dai bai ba ta izinin magana ba, kuma har yau ba a kai ƙarshen darasi ba.